Littattafanki Bakwai da Na Zuba a Akwatin Masallaci

Bismillahi.

Zuwa ga Adiza, uwar Fulera.

Ina gaishe ki, gaisuwar wanda ba ya jiran amsa. Ba zan ce ina fatan kina lafiya ba, don ni na sauka cikin ramin na karɓe ki, na san inda kike. Na kuma san takardar nan ba za ta zo hannunki ba. Kina raye kin yi ta rubuta mini ban karanta ba, yau ni ke rubuta miki ba za ki karanta ba. Mun yi kunnen doki ke nan. Sai dai kin fi ni samun sauƙi. Ke kina kwance, ni ina zaune a shago cikin zafin azahar da tabarau mai ƙafa ɗaya, ina jan baƙi ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɗinkin hannu.

A littafin awo nake rubutawa, daga ƙarshensa, inda babu kafaɗar kowa. Mai shago ya tafi cin abinci ya bar ni da fanka. Da ajami nake yi, don shi kaɗai na iya, kuma kin fi kowa sanin haka.

Ga labarin gida, in har ɗakin da aka raba da katako a unguwar Satwa ta Dubai ana kiransa gida. Ran Alhamis zan tafi. Bizata a jikin taki take rataye, da kika tafi ta tsinke. Shekara goma sha ɗaya duk ofishin da na shiga suka tambaye ni wa ya kawo ni ƙasar nan, sai na buɗe baki da furfurata na ce matata. Kin taɓa tunanin yadda kalmar nan take fita daga maƙogwarona? Yanzu ko wannan ɗin babu. Mai gidan hayar har ya kawo wasu 'yan mata biyu sun leƙa ɗakin, na ga suna auna gadonki da ido. Rahila maƙwabciyarmu har gobe in ta dawo daga asibiti sai ta ƙwanƙwasa katakon ta tambaya ko Baba ya ci abinci. Kirista ce 'yar Kafanchan, amma ita ta dafa wa 'yan zaman makokinki abinci kwana uku, 'yan garinmu da kika yi ta kai wa magani kyauta suka zo suka ci suka share baki. Na'ana'ar da kika shuka a gwangwani ta mutu. Na ba ta ruwa, kada ki ce ban ba ta ba.

Na je wajenki ran Juma'a, a maƙabartar da ke can bayan Sonapur. Mota biyu na shiga. Babu itace, babu inuwa, lamba ce kawai a kanki kamar kayan da aka ajiye a sito. Nan zan bar ki, tsakanin mutanen da ba ki taɓa gaisawa da su ba.

Amma ba don wannan na zauna ba. Adiza, littattafan nan naki guda bakwai masu baƙin bango, waɗanda kika cika da hannunki, babu su. Ni na fitar da su. Kuma Fulera ba ta sani ba. Sau uku tana kirana daga Kumasi tana tambaya, sau uku ina ce mata suna cikin kago, kayan da na aika ta jirgi, suna kan ruwa. Ta ce ko tsummanki ɗaya ba ta so, su kaɗai take jira. Ran Alhamis za ta tare ni a filin jirgi. Ban san da wace fuska zan fito ba.

Kafin ki ɗora mini laifin duka, ki tsaya. Ke ma kina da naki, kuma zan faɗe shi.

Tun farko ban same ki cikakkiya ba. Kina shekara goma sha uku gwamnatin soja ta kwashe ku, yaran talakawa, aka kai ku wani tsibiri a Kuba, da safe aji da yamma tsinkar lemo. Kika dawo zangon Kumasi bayan shekara goma da takardar haɗa magani da kwali ɗaya. Mata suka taru suna zaton atamfofi ne, kika buɗe sai littattafai. Aka sa miki Adiza Kuba. Ni na ɗinka miki farar rigar aikinki ta farko, na ƙara miki aljihu ba ki ce in ƙara ba, daga nan magana ta fara. 'Yan uwana suka ce kada in auri wadda ta manta alwala. Na ƙi ji, kamar yadda ban taɓa jin maganar kowa ba. Amma ba su yi ƙarya duka ba. Rabinki na aura. Ɗaya rabin yana can a tsibirin. In kin ƙirga kuɗin cefane da Sifaniyanci kike ƙirgawa. In kin ƙone a murhu da shi kike zagi. In na ɓata miki rai ba kya yi mini faɗa irin na matan zango, a yi a gama a ci tuwo. Kwalin nan kike jawowa, ki juya mini baya, ki shiga wani gida da ni ba ni da mabuɗinsa. Wani lokaci in ji kin yi dariya ke kaɗai. Kin san me namiji yake ji in matarsa tana dariya a yaren da ba ya ji, a ɗakin da su biyu ne kawai?

Kuma marubutan littattafan duk mata ne. Na tambaye ki ko ƙasar babu maza. Kika ce akwai, sun rubuta yaƙi da jawabi da tuta, amma in ina son in san abin da ke cikin tukunya ranar da ake jawabin, da wadda aka bari a gida tana jira, sai in tambayi matan. Sunayensu ba sa zama a bakina, sai na sa musu nawa don in ba ki haushi. Akwai Mai Ƙarar Bayi, ta can zamanin da, wadda kika ce ta rubuta zaluncin bauta tun ana cinikin mutane a ƙasarta, aka hana littafin shiga, kuma manyan malamai maza suka hana ta zama cikinsu don ita mace ce. Akwai Mai Kulle Ƙofa, wadda ta zauna a tsohon gidansu shekara da shekaru ba ta tafi ba, ba ta kuma yi wa kowa kirari ba, sai da ta tsufa aka tuna da ita. Akwai Mai Bin Tsofaffi, da ta riƙa zama a gaban jikokin bayi tana rubuta tatsuniyoyinsu kafin su mutu da su. A cikin nata ne kika taɓa nuna mini kalmomin Yarbanci, kina rawar jiki kamar kin tsinci zinare, kina cewa ga mutanenmu can sun ƙi ɓacewa. Akwai Baƙar Nan, mai waƙar kakarta da aka tsallako da ita teku. Sai 'yan baya, masu rubuta layin burodi da ɗauke wuta da 'ya'yan da suka shiga kwalekwale ba a sake jin su ba. Wasu sun zauna, wasu sun gudu, suna jin haushin juna, ke kuma kina son su duka.

Kin gani? Na riƙe. Shekara talatin ina nuna ba na ji, ga shi na zayyana miki su kamar awon tsohon kwastoma. Me ya hana in nuna miki tun kina nan? Ban sani ba. Na sani. Tsoro nake ki gane cewa abin ya fi ƙarfina.

Da muka zo Dubai abin ya ƙaru, don ɗakin ya ƙanƙance. Ran hutunki sai ki zauna a bakin gado ki ce Tela, saurari wannan, ki fara juya mini shi da Hausa da ka. Ni kuma in taka keken ɗinki. Ba aikin gaggawa nake da shi ba, Adiza. Sau da yawa ƙyalle ne kawai a ƙarƙashin allura, ina kai shi ina dawo da shi har ki yi shiru. Wata rana kika dafa kan keken da hannu, kika tambaye ni me matan nan suka yi mini. Na ce ban yarda da maganar da ban gani da idona ba, wa ya sani ko ke kike ƙirƙira. Na ce in da gaske ne ki kawo mini a rubutun da nake ganewa, sannan mu yi magana. Na faɗa ne don na san babu. Na faɗa na manta kafin la'asar.

Ke ba ki manta ba. Nan laifinki yake.

Bayan wata biyu kika ce in koya miki ajami. Kika ce an ɗauke ki daga makarantar allo kina ƙarama, hannunki ya manta. Adiza, ban taɓa jin daɗin aurenmu kamar watannin nan ba, kuma yau su ne suka fi yi mini ɗaci. Ke mai takardu, ke da likitoci ke tambaya, kina zaune a ƙasa ina gyara miki wasali. Ina buga miki fensir a yatsa kina dariya. Kika kwaikwayi hannuna har yadda nake karkata lam. Kika sayo littafin farko mai baƙin bango, kika rubuta bismilla a kansa, na ga wannan da idona. Daga nan kullum in kin dawo aiki kina rubutu. Kwalin yana buɗe a gefenki, amma ni na zaci bankwana kike yi da shi. Na ce a raina alhamdu lillahi, ta gaji, ta dawo hanya, addu'o'i take kwafa. Na ci nasara bayan shekara talatin. Har a masallaci na faɗa. Na ce wa tsofaffin zango da muke haɗuwa ran Juma'a matata ta ajiye littattafan Kuba ta kama zikiri, duk wanda ya yi haƙuri da mace zai ga haka. Suka yi mini barka.

Shekara uku littattafan suna kan kanta, sama da kaina. Ban taɓa sauke ɗaya ba. Na ce addu'ar mutum tsakaninsa da Ubangijinsa ce. Ke kuma kina kallona ba ki ce uffan ba. Don me? Baki gare ki. Sau nawa kika gaya mini na cika gishiri, na cika faɗa, na cika taurin kai? Wannan ɗaya ce ta gagare ki faɗa? Rahila ta ce so kike ki kammala goma ki ba ni gaba ɗaya ranar da za mu koma gida. Wa ya yi miki alkawarin goma? Ke da kike aiki a inda ake mutuwa kullum, ke ce za ki ajiye magana sai an jima?

Kika faɗi a wajen aiki ran Talata da hantsi. Kafin in sami mota in isa an rufe miki fuska.

Bayan sadakar bakwai mata suka zo suka raba kayanki yadda ake yi. Zannuwa aka bayar, takalma aka bayar. Aka bar mini takardu, aka ce wannan aikin namiji ne. Na zauna da tsibi biyu. Kwalin Kuba na so in ajiye shi a bakin bola, wallahi na so. Na fasa don Fulera ta ce kada a taɓa komai mai rubutu. Na ɗaure shi da igiya ina tsaki, na kai wa masu kago a Port Saeed. Sannan na sauke bakwai ɗin. Na yi alwala kafin in taɓa su. Na buɗe na sama, na ga bismilla da hannunki, hawaye ya rufe mini ido, na rufe. Na ce waɗannan ba za su shiga kwantena a ɗora musu tayoyi da buhunan takalma ba. Ba za su je zango yara su yage su a ƙunsa ƙosai ba. Kin san yadda aka rene mu, takarda mai sunan Allah ba ta taɓa ƙasa. A gida da na haƙa rami na binne su ko na ƙona na zuba tokar a rijiya. A nan ba ka da ƙasar da za ka haƙa, ba ka da izinin kunna wuta. Abin da suke da shi shi ne akwatin ƙarfen nan da ke jikin masallacin layinmu, mai ƙaramin baki, inda ake zuba tsofaffin Alƙur'anai da duk takardar da ake girmamawa.

Na naɗe su a sabon farin yadi, ragowar wanda na yanka. Bakin akwatin ya yi ƙanƙanta, sai na kwance na riƙa tura su ɗaya ɗaya. Ina jin faɗuwar kowanne. Kowanne na ce Allah ya kai ladan kabarinki. Na dawo gida ina jin na yi miki abin da ban taɓa yi miki ba kina raye.

Kin ga aikina? Wanda na tsana na adana shi, na biya aka ɗora shi a jirgin ruwa. Wanda na girmama shi na hallaka.

Da Fulera ta fara tambayar littattafan Mama na hannu, na zaci albarka take nema. Na ji nauyin in ce na riga na kai su, sai na ce suna cikin kago. Ƙaramar ƙarya ce a lokacin. Sai bayan sati uku Rahila ta tsaya a ƙofa da kwanon abinci, ta ga kantar babu komai, ta tambaya ko na fara karantawa. Na ce karanta me. Ta dube ni. Ta ajiye kwanon a ƙasa. Ita ta gaya mini. Ta ce ba addu'a ba ce, matan Kuba ne kika juye su Hausa, waƙa da labari, kika zaɓo waɗanda kike ganin za su shige ni. Ta ce a kicin kike gwada mata su, in jimla ba ta yi daɗin baki ba ki soke ki sake. Ta ce kin gaya wa Fulera a waya cewa duk duniya babu wanda ya taɓa sa matan nan a Hausa, kuma mutum ɗaya kika yi wa, in ya gama Fulera ta gada.

Na miƙe. Na sa takalmi na fita.

Akwatin babu komai, na leƙa da fitilar waya. Mai share masallacin, ɗan Bangaladash, ya ce mota ke zuwa ta kwashe, kalas, wato an gama, an daɗe. Na ce ina take kai su. Ya ɗaga kafaɗa. Kwana huɗu ina yawo. Wannan ya tura ni wajen wancan, da guntun Larabcina da guntun Turancina, tsoho yana neman littattafai bakwai a garin da ake rushe bene a wuni ɗaya. A ƙarshe na isa wani fili can cikin masana'antu, mai gadi ya ji tausayina ya bar ni na leƙa. Ba su wulaƙanta komai, ba zan yi musu ƙarya ba. Jiƙa takardun suke yi a manyan kwatarniyoyi har tawada ta saki, sannan a sake yin wata takarda da su. Na tsaya ina kallon ruwan, baƙi ƙirin. A gida in malam ya wanke rubutu akwai mai sha. Naki an wanke shekara uku, babu wanda ya kurɓa.

Na ji haushin mai sharar. Na ji haushin Rahila da ba ta yi magana tun ranar makoki ba. Na ji haushin gwamnatin da ta ɗauki 'yar mutane ta kai ta inda za ta koyo abin da mijinta ba zai iya bi ba. Na ji haushin ubana da ya cire ni daga allo ya ɗora ni a keke ina shekara tara. Na ji haushin matan nan na Kuba, ɗaya bayan ɗaya, da sunayen da na sa musu. Na zagaye kowa kafin in iso kaina. Har yanzu ban gama isowa ba.

Saura abu ɗaya. Jakarki ta aiki, wadda suka miƙo mini a asibiti, na jefa ta ƙarƙashin gado ban buɗe ba. Kwana goma da suka wuce da nake haɗa kaya na jawo ta. Na takwas yana ciki, da biro a tsakiya.

Bismilla a sama. Ƙarƙashinta kin rubuta: "Tela, ka ce in kawo maka a rubutun da kake ganewa. Ga na takwas. In ka kawo nan, ashe ka daina taka keke."

Ban kawo nan ba, Adiza. Daga nan na fara.

Kwana tara na yi ina karantawa a shago, da yatsa, ina motsa baki kamar yaro. Labari ne na ɗaya daga 'yan bayan nan. Wata tsohuwa a babban birninsu, ɗanta zai shiga kwalekwale, ba ta da abin ba shi. Sai ta ɗauko kwat ɗin auren mijinta da ya mutu, ta farke shi, tana so ta mayar da shi rigar da za ta tare wa yaron sanyin teku. Ba ta iya ɗinki ba. Tana yi tana zagin mamacin, tana tuna masa duk abin da ya yi mata. Ba wanda ya yi jawabi, ba wanda ya ɗaga tuta. Tsohuwa ce da allura da haushi. Na ce wannan ai na san ta. Wannan ai uwata ce ranar da na bar gida. Wadda ta rubuta ba ta taɓa ganin zango ba, ta yaya ta san yadda tsohuwa ke cizon zare in ba ta son a ga tana kuka? Abin da kike so in ji ke nan shekara talatin? To na ji. Kin ji daɗi?

Kuma kin bar gurabe. Duk inda maganar ɗinki ta zo ba ki san Hausarta ba, sai ki bar fili ki sa ɗan alama a gefe, a tambayi Tela. Wuri goma sha ɗaya. Ashe har da aikina kika ajiye mini a ciki. Na cika su. Naɗin bakin riga kalmasa ne. Yadin da ake sa wa daga ciki shafi ne. Wani wuri kin ce ta ɗinke hannun kafin kafaɗa, wannan ko ke kika juya shi ko matar ba ta taɓa riƙe almakashi ba, na gyara a gefe. Da kin tambaye ni da baki da na faɗa miki a numfashi ɗaya. Da na yi miki gori tukuna, na sani, amma da na faɗa. A bakwai ɗin can gurabe nawa kika bar mini?

Labarin bai ƙare ba. Tsohuwar ta gama rigar, ta naɗe ta, ta fito tana sauri zuwa bakin teku, ta sha kwanar layinsu. Nan biron ya tsaya. Ta same shi? Kwalekwalen ya tashi? Ya karɓa ko ya ce ta yi masa nauyi? Kin san amsar kika tafi da ita. Sauran yana cikin kwalin da ke kan ruwa, a yaren da na yi shekara talatin ina yi wa dariya. Zai isa Kumasi ya zauna a gidan da babu mai jin sa, don Fulera ma ni na hana ki koya mata. Na ce 'yata ba za ta yi mini gulma a gabana ba. Akosua ƙawarki da kuka yi tsibirin tare tana nan da rai, an ce. Ita ce na kora daga gidana ranar sunan Fulera don kun yi ta ƙyalƙyala dariya da yarenku a gaban baƙina. Ban ce zan je wajenta ba. Na dai sa Rahila ta nemo mini lambarta a wayarki.

An kira la'asar. Yanzu ne Fulera ke fitowa hutu a makarantar da take koyarwa. Bari in ajiye biro. In ban yi yanzu da na faɗa miki ba, ba zan yi ba.

Na dawo.

Na gaya mata. Ban yi kwana ba, ban ce Rahila ba, ban ce mai shara ba. Na ce ni ne, da hannuna, ɗaya ɗaya, kuma na yi mata ƙarya sau uku. Ina jin hayaniyar yara a bayanta. Da ta ɗaga murya da na san abin yi, da na ɗaga tawa. Ba ta ɗaga ba. Ta tambaye ni a hankali ko na buɗe ko shafi ɗaya kafin in zuba. Na ce na ga bismilla. Ta ce to. Irin to ɗinki. Na fara ce mata akwai na takwas, ban sani ba ko ta ji, ta riga ta kashe. Na sake kira sau biyu ba ta ɗauka ba.

Ke kika haife ta, kin san ta. Za ta zo ran Alhamis? In ba ta zo ba zan shiga mota in je ƙofarta in zauna. Na takwas yana aljihun ƙirjina, ba zai shiga akwati ba, ba zai shiga kago ba. Ita ma ba ta iya ajami ba. In tana son jin abin da uwarta ta rubuta, dole ta zauna a gabana in karanta mata, da bakin nan da ya hana ki. In ta tashi ta kunna wani abu mai ƙara don kada ta ji ni, ba ni da ta cewa. Na san inda ta gado.

Ban yafe miki shirunki ba tukuna. Ba na kuma roƙon ki yafe mini, don na san da kina nan da kin yafe da wuri, kuma wannan ma zai ba ni haushi.

Takardar nan na fara ta da sunan Allah, don haka ba ta shiga bola. Ba zan kai ta gida ba, ba a kuma yarda a binne komai a inda kike. Wuri ɗaya ya rage. In na fito sallar magariba zan yage shafukan nan in tura su ta bakin akwatin. Motar za ta zo ta kai su inda ta kai naki. A jiƙa su a kwatarniya ɗaya, ko ba komai tawadata ta bi taki.

Ki huta, Adiza Kuba. Allah ya sanyaya miki ƙasar da ba taki ba.

Ni ne mijinki da ya taka keke,
Isiyaka Tela, Satwa.